Gawo da 'Yar Nesa

Ga ta nan, ga ta nanku, mai doguwar tafiya!

Ta zo mu ji ta, mu ba ta ruwa!

To, ku matso. Barmani, daina tsokanar wutar nan, ba ita za ta ba ki labarin ba.

An yi wani Gawo a can ƙarshen gonaki, inda ƙasar noma take ƙarewa, rairayi ya fara. A wancan zamani Gawo kamar kowane itace yake. Riga ɗaya Allah yake ba shi a shekara. Damina ta faɗi ya sa ganye, kaka ta wuce ya zubar, ya tsaya tsirara har wata shekara. Maƙwabciyarsa Kuka ce, ita kuwa ba ta da zance sai na ƙibarta, saboda haka Gawo ya saba da shiru.

Wata rana, bayan an gama yankan gero, sai wani abu ya faɗo tim a gindinsa. Ya duba, ashe 'yar tsuntsuwa ce, ba ta kai tafin hannun Barmani ba. Bakinta a buɗe, fukafukanta na rawa.

Ta ce, "Baba, ruwa."

Gawo ya ce, "Wayyo 'yar nan, ni da ba ni da rijiya?"

Amma akwai sauran 'yan ganyaye a wani reshe, suna shirin faɗuwa. Gawo ya riƙe su da ƙarfi. Ta rarrafa ta shiga inuwarsu. Da asuba raɓa ta sauka a kansu, ta lasa. Ta sami 'yan ƙwari a bayan ganyen, ta tsattsaga. A haka ranta ya dawo.

Ya ce, "Daga ina?"

Ta ce, "Daga nesa, Baba."

Ya ce, "To, sunanki 'Yar Nesa."

Ta yi rani a wurinsa. Kullum in rana ta yi sanyi sai ya ce, "'Yar Nesa, ba ni labarin duniya. Ni saiwa ta ɗaure ni, ban taɓa zuwa ko bayan waccan gonar ba."

Sai ta ce, "Arewa da kai akwai Hamada, Baba. Rairayi ne iya ganinka. Rana ƙuna, dare sanyi. Raƙumi ne mai gidan, shi da ke daɗewa bai sha ruwa ba. Akwai yanyawa mai manyan kunnuwa, tana wuni cikin rami. Inda ruwa ya ɓuɓɓugo kaɗai za ka ga dabino."

Wata rana ta ce, "Bayan Hamada akwai teku, ruwan gishiri ne, ba a sha, ba wurin sauka. A bakinta itatuwan zaitun suke. In ka wuce sai ƙasar da aka haife ni. Itatuwan can ganyensu siriri ne kamar allura, ba sa zubarwa. In sanyi ya zo, ƙanƙara ke saukowa fara fat ta rufe komai. Shi ya sa muke gudowa."

"Gaba da nan fa?"

"Gaba da nan ko itace babu, sai guntuwar ciyawa. Akwai wata irin barewa mai ƙaho reshe-reshe, tana tonon abinci a ƙarƙashin ƙanƙara. Akwai wata ƙatuwar dabba fara, mai gashi, tana farauta a bakin ruwa."

Gawo ya ce, "Ikon Allah! Kudu fa?"

Ta ce, "Ban je ba, amma na ji. Kurmi ne, ruwan sama ba ya yankewa. Itatuwa sun haɗa kai, rana ba ta taɓa ƙasa. Can goro yake, da aku, da birai masu yini a sama. Kowace ƙasa da 'ya'yanta, Baba."

Gawo ya riƙe wannan magana, ya riƙa juya ta a ransa.

Da bazara ta matso, zafi ya tsananta, 'Yar Nesa ta ce, "Baba, ƙanƙarar garinmu ta narke. Zan je in yi sheƙa, in yi 'ya'ya. In an yanke gero zan dawo."

Gawo ya ce, "Ki dawo."

Ta ce, "Amma ina jin tsoro. Bana Allah ya sa na tarar da sauran ganye. In na ƙetaro Hamada na same ka tsirara, ƙarfina ba zai kai ni gaba ba. A nan zan mutu."

Ya ce, "Je ki. Za ki tarar da inuwa."

Ta tashi fir, ta yi arewa. Ya bi ta da kallo har ta ɓace, bai daina kallon ba.

To, riga ɗaya ce, na gaya muku. In ya sa ta da damina, ba ta kai rani. Saboda haka da ruwan fari ya sauka, kowane itace ya fara toho, Gawo ya danne nasa a ciki. Ku kun san wuyar riƙe atishawa? To nasa ya fi. Jikinsa duk ƙaiƙayi, ganye na son fita, shi kuwa yana cewa ku dakata.

Kuka ta ce, "Kai Gawo, lafiyarka kuwa? Ana biki kana zaman makoki?"

Gawo ya ci gaba da danne ganyensa. In iska ta kaɗa sai ya yi waƙa a hankali:

'Yar Nesa, 'Yar Nesa,
Rigata na ajiye,
Rairayi da faɗi yake,
Zo ki sha inuwa.

Akwai Hankaka, ɓarawon ƙauyen nan. Kowace damina a kan Gawo yake sheƙa, don ƙaya tana tsare shi, ganye yana ɓoye abin da ya sato. Bana ya gama sheƙa, ya jira ganye, shiru. Ya ji waƙar, ya gane inda maganar take.

Ya tashi ya yi shawagi bayan gari, ya dawo yana haki. "Ranka ya daɗe, daga Hamada nake. Na ga baƙuwarka. Ta yi gida a can, a kan bishiyar goro, ita da wani aku. Ta ce ka sa rigarka, ba ta zuwa."

Gawo ya ce, "Goro a Hamada? Aku a rairayi? Kowace ƙasa da 'ya'yanta, Hankaka. Ƙarya kake."

Aka kwana biyu, Hankaka ya sake dawowa yana karkarwa da gangan. "Ranka ya daɗe, wancan karon ido ne ya yaudare ni. Yanzu daga ƙasar ƙanƙara nake. Na gan ta a ƙarƙashin dabino, yanyawa na yi mata fifita. Ta ce ta manta da kai."

Gawo ya ce, "Dabino a ƙanƙara? Fifita a cikin sanyi? Kowace ƙasa da 'ya'yanta, Hankaka. Ƙarya kake."

Hankaka ya koma gefe yana cizon baki. Mugu dai ba ya rasa dabara. Ya lalubi tsakanin ƙayoyi inda 'Yar Nesa take kwana da rani, ya sami gashinta guda ɗaya da ya maƙale. Ya je ya tsoma shi a kududdufi. A karo na uku bai yi haki ba, bai yi karkarwa ba. Ya sauko a hankali, ya ajiye gashin a reshe.

Ya ce, "Sai haƙuri. Iska ta kayar da ita a teku. Wannan kaɗai na tsinto."

Gawo ya dubi gashin. Nata ne. Ya nemi ƙarya a cikin zancen, bai samu ba, domin ita da bakinta ta ce a teku ba wurin sauka.

Yara, itace ma yana kuka. Ƙaro ya riƙa tsattsafowa daga jikinsa yana gangarowa. Waƙar ta tsaya.

Hankaka ya ce, "To, tunda abin ya zama haka, sai ka sa rigarka."

Gawo ya ce, "In sa wa wa? Ba na sawa. Ba bana ba, ba baɗi ba."

Kun ga mai haƙa ramin mugunta. A daren nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga Hankaka a sheƙa ba ko ganye ɗaya a kansa. Ya jiƙe sharkaf. Gari ya waye, matan ƙauye suka hango sabulunsu da 'yan kunnensu a fili a kan reshe, suka zo da gora suka zungure sheƙar. Mura ta kama shi ta shaƙe masa murya. Da can yana da zaƙin baki, tun daga ranar sai "Kaa! Kaa!" Har gobe bai warke ba, kuma ni ban tausaya masa ba.

Damina ta wuce. Aka yanke gero. Kuka ta zubar da ganyenta, ciyawa ta bushe, fili ya yi fayau. Gawo yana tsaye da rigarsa a ciki, zuciyarsa ta mutu. Amma ido ya saba, kullum arewa yake kallo.

Wata safiya ya dubi faɗin rairayin nan, ya ce a ransa, "Ita ta tafi. Amma ai ba ita kaɗai ke gudun ƙanƙara ba. Yanzu haka wata 'yar wani tana can tsakiyar Hamada, bakinta a buɗe. In ta iso ta tarar da ni haka fa?"

Sai ya saki. Ganye ya fito, ya fito, ya fito, har ƙananan rassa. Duk faɗin filin nan shi kaɗai ne kore shar.

Ba a daɗe ba sai ga 'yan tsuntsaye uku daga arewa, suna tangaɗi a sama. Suka faɗa cikin ganyen. Suka lashi raɓa, suka ci ƙwari. Da numfashinsu ya daidaita, ƙaramar ta ce, "Sannu, Kaka Gawo."

Gawo ya ce, "Wa ya gaya muku sunana?"

"Innarmu. Ta ce in mun ƙetare Hamada mu duba, akwai itace ɗaya da ya yi mata alkawari. Ta ce ko duniya duk ta bushe, shi za mu same shi da ganye."

"Tana raye?"

"Tana raye."

"Tana ina? Tana baya?"

Suka dubi juna. Babbar ta ce, "Ta rako mu har bakin teku. Fukafukanta sun tsufa, Kaka. Ta tsaya a cikin zaitun, inda sanyi bai da tsanani. Ta ce mu gaishe ka. Ta ce in ta ji ƙarfi, wataƙila baɗi."

Murna da kewa suka haɗu suka cika Gawo. Can ya buɗe rassansa ya ce, "Ku shiga ciki sosai, rana ta fara zafi."

Baɗi ta kewayo, 'Yar Nesa ba ta zo ba. Jikoki suka zo, tattaɓa-kunne suka zo. Shi ya sa har yau, in kun je gona da damina za ku ga gawo tsirara, gero na girma a ƙarƙashinsa, in rani ya yi kuma ku gan shi cikin riga. Duk 'yar tsuntsuwar da ta sauka daga arewa, sai ya bari ta sha ta huta, sannan ya tambaye ta a hankali, "Tana baya?"

To kun ji. Alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka ba ya saukewa don ya daina ganin mai shi. Maƙaryaci kuwa, ruwan da ya kira shi yake fara duka.

Ƙurunƙus kan hankaka mai mura! Ba don wutar nan ta mutu ba, da na kai ku har ƙasar ƙanƙara. Ku tashi ku kwanta.