Jaki da Shayin Ruwan Farko

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A garin dabbobi sau biyu ake shan shayi a shekara. Ranar ruwan farko a dafa mai ɗaci, wanda ya sha shi ne zai noma gandun gari. Ranar da aka kai hatsi gida kuma a dafa mai zuma, kowa ya sha. Kullum Jaki ake miƙa wa mai ɗacin, wai shi ne mai ƙarfi. Mai zumar kuwa bai taɓa ɗanɗanawa ba, don yana hanya da dami ake shanyewa.

Wata shekara Dila mai dafa shayi ya miƙo masa ƙoƙo. Jaki ya ce, "Malam Dila, zan sha, amma da kaka ku jira ni."

Dila ya ce, "Haba Jaki, rabonka ba mai taɓa shi."

Kaka ta yi. Jaki ya yi ta jigila har bayansa ya yi miki. Ya iso da damin ƙarshe, ya tarar Kura na lasar ludayi.

Ya ce, "Ina rabona?"

Dila ya kwaso dafaffen ganyen da ya kwanta a gindin tukunya, ya ɗora masa a kan mikin. "Ga shi. Ka shanya, ka adana. Ai da shi muke dafa naka in ruwa ya sauka."

Jaki ya juya a hankali, kada ganyen ya zube.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, tatsuniya ta ƙare.