Rosmawar da Agogon Nutso Mai Manyan Lambobi

Akwai wata mata mai sayar da abinci a nan Iboih, wani gari da ke kan tsibiri, mai suna Rosmawar. Duk wanda ya taɓa cin taliya da ƙaguwa a bakin tashar jiragen ruwa ya san ta, ya kuma san bakinta ba ya hutawa.

Mijinta Marzuki aikinsa shiga da baƙi ƙarƙashin teku. Tun suna amarya da ango yake lallashinta ta bi shi ko sau ɗaya, ita kuwa ba ta taɓa bari ruwa ya wuce gwiwarta ba.

Marzuki yana da wani lambu a ƙarƙashin ruwa, inda ya dasa ƙananan murjani, wato halittun teku masu rassa kamar bishiya, a kan ƙarafa, yana kula da su kamar 'ya'yansa. Sai Allah ya jarabce shi da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito.

Rosmawar ba ta iya jure ganinsa a haka. Da ya buɗe baki sai ta ƙarasa masa.

"Ru..."

"Ruwa? Ga shi, Bang."

Bang shi ne yadda take kiransa tun ranar aurensu, shi kuma yana ce mata Dek. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta kuskure, amma ko ta kuskure sai ya karɓa kawai.

Kullum da yamma yana zaune a baranda ya zura wa teku ido. Ta san lambunsa yake tunani. Ran nan ta tashi ta je ta sa sunanta a ajin koyon nutso, tana da furfura da jikoki. 'Yan kasuwa suka yi ta yi mata tsiya, wai kifi ma zai yi mata biyayya saboda girma. Ta shanye, ta sha ruwan gishiri, ta yi kuka a ɓoye, har ta samu takardar shaidar iya nutso.

Saura abu guda. Malamarta ta ce ta nemi agogon nutso na kanta, wato 'yar kwamfutar da ake ɗaurawa a hannu, mai nuna zurfin da mutum ya kai, da lokacin da ya rage masa, da inda zai dakata kafin ya fito.

Suka shiga jirgin fito zuwa Banda Aceh, ita da Marzuki da sandarsa.

Wata budurwa ce ke tsaron shagon, sunanta Safrina. Ta ba Marzuki kujera, ta jera musu agoguna a kan gilashi. Idon Rosmawar ya faɗa kan wani siriri, ruwan hoda, kamar na zuwa biki.

"Wannan nake so. Da shi zan nutse, da shi zan je ɗaurin aure."

Marzuki ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna wani baƙi, mai faɗin fuska.

"Haba, Bang! Wannan ai talabijin ce. Ka ga na yi kama da mai ɗaura talabijin a hannu?"

"Ba..." in ji shi. "Ba..."

"Ba tsada? Na sani, amma ni ba araha na zo nema ba."

Ya girgiza kai. "Ba ta..."

"Batir? Yarinya, yana tambayar batirin."

Wasu baƙi biyu suna tsaye suna jiran a sallame su. Safrina ta ba su haƙuri, ta zagayo ta durƙusa kusa da kujerar Marzuki.

"Mama, ki yi haƙuri, kamar Baba bai gama ba. Mu ɗan saurara masa. Ni ba na sauri."

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Gumi ya tsattsafo wa Marzuki a goshi, yana kokawa da kalmar. Sau biyu Rosmawar tana jin kalma ta zo mata har bakin harshe, tana haɗiyewa.

"Ba ta... ganin... ƙananan... rubutu."

Kunya ta rufe Rosmawar. Ta daɗe tana ɓoye wannan. Ta ƙi sayen tabarau don kada a ce uwar gida da maigida duk sun lalace.

"Wa ya gaya maka?"

Wannan karon ba ta tare shi ba.

"Kwalbar... maganina. Kina... kai wa... maƙwabciya... ta karanta."

Ashe daga barandar nan ba teku kaɗai yake kallo ba.

Safrina ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko gilashin nutso ta ce Mama ta sa a fuska, ta rage hasken fitila, ta miƙa mata agogunan ɗaya bayan ɗaya. A kan mai ruwan hoda, Rosmawar ba ta ga komai ba sai wasu ɗige-ɗige kamar tururuwa. A kan baƙin kuwa lambobin suka fito ƙato-ƙato.

"A ƙarƙashin ruwa ba wanda zai karanta miki, Mama. Wanda idonki ya gani shi ne naki."

Rosmawar ta share hawaye da gefen mayafi. "To, naɗe mini talabijin ɗin."

Bayan 'yan makonni ta sauka lambun Marzuki tare da malamarta, da kyamara a hannu. Murjanin sun yi rassa, kifaye na ta shige da fice a tsakaninsu. Tana cikin ɗaukar hoto sai ruwa ya juya, ya gauraye da yashi. Malamar ta ɓace mata. Igiyar ruwa ta fara ɗaga ta sama, agogon ya kama ƙara.

Zuciyarta ta ce iskar numfashinta ce ta ƙare, ki gudu sama. Mijinta kuwa ya sha faɗa tun yana da lafiya cewa fitowa da gaggawa ita ke nakasa mai nutso.

Ta kawo hannunta gaban fuska. Ko a cikin wannan duhun ta ga kibiya ƙatuwa tana nuna ƙasa, alamar ta yi saurin hawa. Ta saki iskar rigar nutsonta mai ɗaga mutum sama, ta lalubo igiyar jirgin da ya kawo su ta riƙe. Ta hau a hankali, ta dakata inda agogon ya ce, tana salati a zuci har lambobin suka ƙare. Nan malamar ta same ta.

Da ta dawo gida ta zauna kusa da Marzuki ta ba shi labari, ta nuna masa hotunan. Ya daɗe yana shafa fuskar kyamarar da yatsa.

"Dek... go..."

Ta naɗe hannayenta a cinya. Shinkafar da ta zuba masa ta huce, tana jiran ya ƙarasa.

"Gobe... ki tafi... da ni. Cikin... jirgi."

Tun da ciwon ya same shi bai taɓa yarda ya kusanci bakin ruwa ba.

Washegari matuƙan jirgi suka ɗauke shi cak suka zaunar da shi a gefen jirgin, suna ta murna kamar an yi haihuwa. Rosmawar ta faɗa ruwa. Marzuki ya sunkuya ya tsoma hannunsa mai lafiya a teku, kumfar numfashin matarsa tana tasowa tana fashewa a tafinsa. Ɗaya daga cikin matuƙan ya ce Marzuki bai cire hannun ba har ta fito.

Darasi: Ba kowane taimako ne yin abu a madadin mutum ba. Wani lokaci ƙauna ita ce ka yi shiru ka bar shi ya ƙarasa maganarsa, ko da za ta ɗauki lokaci, domin abin da zai faɗa yana iya zama abin da zai cece ka. Idan za ka zaɓi abin da rayuwarka za ta dogara a kai, zaɓi wanda ya dace da kai, ba wanda zai burge mutane ba. Ku tura wa duk wanda ke jinyar uba, uwa, miji ko mata, Allah ya ƙara musu haƙuri.