Tsohon Soso a Sabon Akwatin Kifi

Akwai wani mutum, magidanci, wanda wansa ya yi masa sallama wata ranar Asabar da hantsi, riƙe da bokiti a hannu ɗaya da ƙullin leda a ɗayan. A cikin bokitin akwai kifayen ado guda shida, biyar jajaye, ɗaya fara mai jan kai.

Kifayen nan na Rahila ne, matar wan, wadda ta rasu. Ita ta raine su, ita ce kuma ta sa wa farar suna Gimbiya. Tun bayan rasuwarta mijinta ba ya addu'ar safe sai a gaban akwatin gilashin da suke ciki. Yanzu likitoci sun tura shi wani gari mai nisa domin a yi masa aiki a zuciya, ga shi akwatin nasa ya tsage yana yoyo.

Ya ce wa ƙanensa, "Habila, ga amana. In Ubangiji ya dawo da ni, ina so in same su."

Mutumin ya ce, "Za ka same su, Yaya, har sun fi haka ƙiba."

Wan ya miƙa masa ledar, ya ce, "Wannan soson da ke tace musu ruwa ne, da 'yar tsakuwa. Ka sa shi yadda yake. Kada ya ga sabulu, kada kuma ya bushe." Mota tana jiransa a waje, bai tsaya ƙarin bayani ba.

Mutumin ya tafi kasuwa ya sayo sabon akwatin gilashi, da ɗan injin da ke jan ruwa ta cikin soso yana fitar da kumfar iska. Da ya dawo ya kwance ledar, sai ya ga soson ya yi baƙi, ya yi yauƙi, yana warin laka. Tausayi ya kama shi. Ya ce wa matarsa, "Tun da Rahila ta tafi Yaya ya saki komai. Dubi abin da ya bar kifayen nan suna zaune da shi."

Ta ce, "Maigida, na ji kamar ya ce kada ya ga sabulu."

Ya ce, "Kunya ce. Ba ya so ya ɗora mana aiki."

Sai ya dafa ruwa, ya zuba garin sabulu, ya cuɗe soson har ya koma ruwan ƙwai kamar sabo. Ya ɗauraye shi tas, ya shanya a rana. Tsakuwar ma ya wanke ta. Ya cika akwatin da ruwan famfo, ya juye kifayen. Ruwan ya yi garau, har maƙwabta suka shigo kallo.

Bayan 'yan kwanaki ruwan ya soma yin fari, kamar wanda aka wanke shinkafa a ciki. Kifayen suka bar yawo. Suka taru a sama, suna buɗe baki suna rufewa. Mutumin ya ce yunwa ce, ya ƙara musu abinci. Abincin ya nutse ya ruɓe a ƙasa.

Shi kuwa ya taɓa kiwon tarwaɗa a cikin duro a bayan gida, ya san in ruwan tarwaɗa ya ɓaci zubar da shi ake yi duka a zuba sabo. Haka ya yi. Ya kwashe kifayen, ya goge gilashin, ya sake wanke soson, ya tari ruwa daga famfo. Ruwan ya yi haske, amma bai daɗe ba ya koma fari. Ya sake wankewa. Duk wankin da ya yi, sai kifayen su ƙara laushi.

Wata safiya ya tarar da ɗaya daga cikin jajayen a kwance, cikinsa a sama. Ya binne shi a gindin gwanda. Kafin mako ya zagayo ya binne na biyu.

A ranar nan wansa ya kira shi a waya. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai. Ya ce an sa ranar aikin, likita ya kuma gargaɗe shi kada ya sa wa ransa damuwa. Sa'an nan ya ce, "Yaya 'ya'yan Rahila? Gimbiya tana cin abinci?"

Mutumin ya dubi akwatin. Gimbiya ta jingina da gilashi, gefen wuyanta ya yi ja, tana numfashi da ƙyar. Ya ce, "Suna nan, Yaya. Ka ji da jikinka."

Da ya ajiye wayar ya kasa zama. Ya ɗauki bokiti zai sake tarar ruwa. Matarsa ta tsaya a ƙofa ta ce, "Maigida, ka wanke, ka wanke, sun ƙi tashi. Ka je wurin Mama Damaris. Ita ma tana da irin akwatin nan, Rahila kuwa ba ta rabuwa da gidanta."

Mama Damaris tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Mutumin ya daɗe da daina zuwa gaishe ta, domin in ta kama mutum da labari ba ta saki, ba ta kuma ɓoye wa kowa laifinsa. Amma ya dubi Gimbiya, ya ajiye bokitin, ya tafi.

Da ta gan shi ta ce, "A'a, Habila! Ashe kana gari? Na ɗauka kai aka kai asibiti."

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗa mata kome. Ta saurare shi har ya kai kan sabulu da ruwan zafi. Sai ta dafe kai.

Ta ce, "Ɗana, kai da tsabtarka. Wannan baƙin da ka gani a jikin soson, rai ne. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Kifi yana kashi a cikin ruwan da yake numfashi, kashin nan kuwa guba yake zama. Su waɗannan halittu su ke cinye gubar dare da rana. Ka dafa su, ka shanya su. 'Yan kaɗan da suka soma taruwa daga baya, maganin da ake sa wa ruwan famfo ya kashe su duk ranar da ka yi wankinka. Waɗannan ba tarwaɗa ba ne."

Ya ce, "To, Mama, ina ake sayar da su?"

Ta yi dariya ta ce, "Ga su can kana kallo."

Akwatinta tsoho ne, kusurwoyinsa sun yi kore, amma ruwan garau yake, kifayen suna ta kai da kawowa. Ta ciro sosonta, wanda ya fi na wansa baƙi, ta raba shi biyu da almakashi. Ta sa rabi a kwano, ta ɗebi ruwan akwatin ta rufe shi, ta ƙara da tsakuwa cikin hannu.

Ta ce, "Wanda ka kashe ma daga nan ya fito. Ni na yanka wa Rahila ranar da ta fara. Ka haɗa wannan da naka a cikin injin. Ruwa kuwa, kashi ɗaya cikin huɗu za ka riƙa ragewa, ka cika da wanda ya kwana a buɗe. Abinci ɗan kaɗan. In an ɗauke wuta, ka riƙa ɗiban ruwan da kofi kana zubawa daga sama domin iska ta shiga. In soson ya toshe, ka matse shi a hankali cikin ruwan da ka rage daga akwatin. Ka ji ko? Kada in ji ka kai shi famfo."

Ya ce, "Zuwa yaushe za su warke?"

Ta ce, "Makonni. Sai halittun sun hayayyafa sun kama ko'ina."

"Gimbiya fa? Za ta kai?"

"Ban sani ba, ɗana. Tashi ka tafi kafin halittun su mutu a kwanon."

Ya koma gida da kwanon a hannu biyu. Ya sa baƙin soson kusa da nasa mai haske. Washegari ruwan yana nan fari. Jibi ma haka. Kowace safiya yakan fito ya ƙirga kifayen kafin ya wanke fuska. Hannunsa yana ƙaiƙayin ya zubar da kome ya goge, sai ya tuna, ya rage ɗan abin da aka ce, ya cika da ruwan da ya kwana, ya koma ya zauna. Babu abin da ya taɓa yi masa wuya kamar zaman nan.

Ma'anar wannan misali ita ce, kifayen nan su ne rayukan da Ubangiji ya ba mu amana: 'ya'yanmu, da sababbin masu bi, da namu ran kanmu. Sabon akwatin kuwa shi ne duk wani sabon farawa, ko sabon aure, ko sabon reshen ikkilisiya, ko zuciyar da ta tuba kwanan nan. Yana da kyau a ido, amma bai riga ya iya riƙe rai ba.

Ku lura da inda gubar ta fito. Ba wani maƙiyi ne ya zuba ta daga waje ba. Daga cikin kifayen ta fito, a cikin zamansu na kullum. Haka yake a gidajenmu da taronmu. In mutane suna zaune wuri ɗaya, za a yi fushi, za a yi ƙananan maganganu, wani zai ji an raina shi. Wannan ba abin mamaki ba ne. Abin tambaya shi ne ko akwai abin da ke cinye shi kafin ya taru.

Halittun nan da ido ba ya gani suna nuna mana aikin Ruhu Mai Tsarki a cikin mutum: haƙuri, da gafara, da addu'ar da ba wanda ya sani. Ba a jin motsinsu, ba a kuma ganinsu, amma in babu su, gida mai sabon fenti ma wurin mutuwa ne. Mutumin nan bai yi mugunta ba. Ƙauna ce ta sa ya yi wankin. Sai dai ya gaskata idonsa fiye da maganar wanda ya ba shi amanar, ya ɗauka abin da ya yi haske shi ne mai lafiya. Mu ma mukan yi haka. Da zarar abu ya ɓaci sai mu ce a zubar da kome a sake sabo, a canza shugabanni, a koma wata majami'a, a yanke zumunci. Muna wankewa, muna kashe ɗan abin da ya soma tsiro. Wani lokaci kuma, kamar yadda ya ƙara wa kifayen abinci, mukan ɗora wa sabon mai bi ayyuka da muƙamai alhali numfashi yake nema.

Tsohon soson nan kuwa, su ne tsofaffinmu cikin bangaskiya. Ba su da kyan gani irin na zamani. Addu'arsu tana da tsawo, waƙoƙinsu na dā ne, wani lokaci maganarsu tana da kaifi. Amma sun daɗe a cikin ruwan. Sun yi jana'iza, sun yi rashi, an yi musu laifi sun yafe, abin da Ruhu ya gina a cikinsu shekara da shekaru yana nan da rai. Ba a koyon wannan daga nesa. Sai an zauna kusa da su, kamar yadda aka haɗa baƙin soso da sabo, har abin ya kama. Su ma ba daga kansu ya fito ba, wani ne ya yanka musu.

Saboda haka, ku ma'aurata sababbi, wane tsohon gida kuke shiga? Ku matasa da kuke son kome na sujada ya zama sabo, wa kuka bari a kujerar baya ba mai tambayarsa? Akwai wata Mama Damaris da ka daina gaishewa domin tana faɗa maka gaskiya? Ka je tun kafin ka binne na biyu. Ku kuma iyayenmu, kada ku riƙe abin da aka ba ku. In an zo da kwano, ku yanka ku bayar.

Bayan haka sai jira. Ba na ce muku jiran yana da daɗi ba, ban kuma ce wanda ya jira ba zai yi hasara ba. Abin da ya mutu ya mutu. Amma akwai aikin da Allah yake yi a ɓoye wanda hannunmu ba zai iya gaggauta shi ba, sai dai ya ɓata shi. Namu shi ne mu yi ɗan abin da aka ce, kowace safiya, mu bar sauran.

Mutumin nan kuwa, wata safiya ya fito ya ga tsakuwar ƙasan akwatin sarai, ɗaya bayan ɗaya. Soson da ya wanke ya soma yin duhu. Gimbiya ta bar jikin gilashi, ta taso ta ɗauki abinci.

Da wansa ya dawo, a rame, yana dogara sanda, mutumin ya faɗa masa abin da ya faru tun daga sabulun, ya nuna masa gindin gwandar. Wan ya je ya dubi wurin. Sa'an nan ya shiga falo, ya jawo kujera gaban akwatin, ya zauna. Kifaye huɗu ne a ciki, Gimbiya tana cikinsu.