Bijimin da Aka Bari a Bayan Gida

Akwai wani manomi mai bijimai biyu na huɗa, ɗaya fari, ɗaya baƙi. Da damina tare suke jan garma a ƙarƙashin karkiya ɗaya. Amma in rani ya yi sai hanyarsu ta rabu. Farin yakan zauna a gida, a ɗaure a inuwa, yana cin harawa da dusa. Baƙin kuwa shi ake ɗaura wa amalanke, ya kai hatsi kasuwannin nesa, ya sha ruwa a mashayar da garkunan fatake suke sha. Saboda haka farin ya yi ƙiba har fatarsa tana sheƙi, baƙin kuwa ya rame, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa.

Ana nan sai ciwon huhu ya shiga shanun ƙasar. Ciwo ne mai shiga a ɓoye, dabba tana ci tana sha, ba a sani ba sai ran da ta faɗi. Aka yi shela cewa malamin dabbobi zai zo ranar kasuwa, zai zauna a gindin ɗorawa, kowa ya kawo nasa a duba. Damina kuwa ta matso, kuma bijimi ɗaya ba ya huɗa. In manomin nan ya rasa ɗaya, gonarsa ta kwana ke nan.

To, mutanen garin suna da wata al'ada. Ranar duban dabbobi ranar nuna arziki ce a wurinsu. Kowa yakan wanke dabbarsa, ya goge mata ƙaho, ya ja ta ta tsakiyar kasuwa domin a gani a yaba. Manomin ya dubi farin, ya dubi baƙin, ya ce a ransa ba zai zama abin dariya ba. Ya ɗaure baƙin a bayan gida, ya ja farin zuwa gindin ɗorawa, yana tafe yana amsa gaisuwa.

Malamin ya duba farin, ya same shi lafiya. Amma da ya shafa wuyansa sai ya ji kanta. Ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Wannan kanta ta karkiya ce, karkiya kuwa wuya biyu take hawa. Ina ɗayan?"

Manomin ya yi ta kame-kame. Ya ce ai wancan lafiyarsa ƙalau, gajiyar hanya ce kawai, kuma ba shi da kyan gani. Malamin bai ja maganar ba, bai kuma kunyata shi a gaban jama'a ba. Ya bari har kasuwa ta watse, sa'an nan ya ɗauki jakarsa, ya bi ta bayan gari, ya yi sallama a ƙofar manomin.

Manomin ya ji kunya ƙwarai. Ya ce, "Malam, da ka bari na wanke shi tukuna."

Malamin ya ce, "Ba fatarsa na zo gani ba."

Ya kara kunne a ƙirjin bijimin, ya daɗe yana saurare. Ciwon yana ciki, amma bai yi nisa ba. Ya ba manomin magani, ya gaya masa a riƙa bayarwa kowace safiya ba fashi, ya kuma ce da an jira sai ya fara tari, da manomin ne da kansa zai sa wuya a karkiya kusa da farin. Da ruwan farko ya sauka, bijiman biyu suka shiga gona tare. Daga wannan shekara malamin bai ƙara tsayawa a gindin ɗorawa kaɗai ba. Ya riƙa bin mashaya da zangon fatake, yana neman dabbobin da ba a kawo masa.

To, ga ma'anar wannan misali, kuma mu ya shafa.

Ciwon nan ƙwayar cutar ƙanjamau ce. Ba a ganinta a fuska, sai a jini. Malamin shi ne ma'aikatan lafiya masu yin gwaji. Gindin ɗorawa kuwa, ku yi mini haƙuri, ƙofar majami'ar nan ce.

Kun tuna shekara biyu da suka wuce, da muka ajiye musu tebur a bakin ƙofa bayan sujada. Dattawa suka yi layi, zumuntar mata suka yi layi cikin anko, mawaƙa ma haka. Kowa ya miƙa yatsa, aka ɗiga jini, kowa ya fito yana murmushi. Ban ce mun yi laifi ba. Farin ma dole a duba shi, gama ƙiba ba shaidar lafiya ba ce. Amma wa ya tambaya ina ɗayan?

Direban da yake yin wata guda a kan hanya bai zo ba. Samarinmu na ramin haƙar kuza ba su zo ba. Matan da talauci ya kai su zama a bayan tasha ba su zo ba, haka ma masu tsira wa kansu allurar maye. Me zai kawo su layin da idonmu yake a kansa? Sun san bakinmu. Mun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mu ne masu nuna cibin mutum muna dariya. Ba kuwa baƙi ba ne. 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu, waɗansunsu ma su ne suke jan amalanken da muke ci daga ciki.

Ran Alhamis ma'aikatan za su dawo, amma ba nan ba. Za su je tasha, su je ramin kuza, su shiga ɗaki su rufe ƙofa, abin da aka gani kuma ya tsaya tsakaninsu da mai jinin. Wanda aka same shi da ƙwayar cutar za a ɗora shi a kan magani, ya ci gaba da aikinsa, ya riƙe iyalinsa. Abin da suke roƙo a wurinmu kaɗan ne. Mai ɗan'uwa a can ya je ya zauna da shi, ya raka shi, kada ya yi masa wa'azi, kada ya ce sai ya gyaru tukuna. Ubangijinmu ma bai jira mun yi wanka kafin ya zo wurinmu ba.

Ni ne na farko a layin wancan karo, da farar rigata. Ƙanena Gayus yana tasha a ranar, tafiyar minti goma daga nan. Ban aika a kira shi ba, gama ba na so a gan shi kusa da ni yadda ya rame. Har yau abin yana cina. Da muka kai shi asibiti, ciwon ya riga ya yi nisa. Kun san inda yake kwance, yawancinku kun taya ni haƙa kabarin.