Na Sata Ya Fi Kamawa

A garinmu Lipovo, can gindin dutse, akwai wata mata da ake kira Ginka, matar Lozan mai gyaran tarakta. Mace ce mai fara'a da tsafta, ga iya tarbar baƙo. Allah kuma ya ba ta hannun shuka, har mata kan ce ko muciya ta soka a ƙasa sai ta yi ganye. Aibinta ɗaya ne. Idonta ba ya ganin furen wani ya wuce, kuma ba ta da haƙurin roƙo.

Kowa ya san maganar tsofaffi cewa in an ba ka shuka ba a godiya, in ka gode ba za ta kama ba. Kowa kuma ya san ɗaya maganar, wai reshen da aka sato ya fi kamawa. Sauran mata da wasa suke faɗin ta biyun. Ginka kuwa ta riƙe ta hannu bibbiyu. Akwai wani ɗan almakashi da ba ya rabuwa da aljihunta. Tukwanen da suka cika barandarta kowace da tarihinta: wannan daga ƙofar asibiti, waccan daga tagar matar limamin coci.

"Wata rana sai an kamo ki da kunne," in ji maƙwabciyarta Donka.

"A kan ɗan reshe kamar yatsa? Ke dai ba ki da godiya. Aski nake yi musu kyauta."

A saman gari, inda hanya ta ƙare, akwai gidan Baba Strahil mai zanen hotuna. Shi da ƙanwarsa Goggo Velika kaɗai ke ciki. Asalinsu mutanen Kamen Dol ne, ƙauyen da ruwan dam ya shanye shekara arba'in da suka wuce. Lambunsa na bayan katanga mai tsawo, kuma an daɗe ba a ga wanda ya shiga ba. Sai ga shi a ƙarshen watan Mayu ya aiko cewa matan gari su zo ranar Lahadi bayan an tashi daga coci.

Su goma sha biyu suka hau. Goggo Velika ta tare su da ɓaure dafaffe da sukari a cokali, da ruwan rijiya mai sanyi. Da hayaniya suka shigo, amma suna taka lambun kowa ta rage murya ba tare da an ce mata ba. Ba a jere shukokin suke ba, kowace tana zaune ita kaɗai. A gindin kowace akwai faffaɗan dutsen rafi da suna a kai da farin fenti: Kera, Stoil, Petko ƙarami. Ginka ta ɗauka sunayen iri ne. Ga kujeru shuɗaye nan da can, babu kowa a kai, kowace tana fuskantar shuka kamar yanzu mai ita ya tashi.

Tsohon ya kai su ɗakin zanensa, yana tafe yana shafa bango. Hotunan mutanen Kamen Dol ne cike da ɗakin, kowane riƙe da reshe ko fure. Zane ɗaya ne bai ƙare ba. Yarinya ce 'yar shekara tara, da kitso biyu, ta miƙo tafukanta a haɗe. Fuskar ta gama, rigar ta gama, har ƙaiƙayin da ya maƙale a gashinta. Amma tsakanin tafukan babu komai sai farin ƙyalle.

"Bilyana ke nan, 'yata," in ji shi. "Furen wardinta za ta riƙe. Ni kuwa ban taɓa zana abin da ba ya gaban idona ba. Duk shekara yana fure, duk shekara in ce baɗi, zuciyata ba ta iya ba. Sai sanyin bara da na bara waccan suka ƙone itacen. Bana toho ɗaya ya fito, da kan fure ɗaya. Nan da mako biyu zai buɗe. Likita ya ce idona ba zai kai hunturu ba, to kun ga ni da furen nan tsere muke."

"Wane launi ne, Baba?" wata ta tambaya.

"Ja ne. Amma babu irinsa a kasuwa, babu a lambun kowa. A bakin rijiya kawai yake."

Abin da Ginka ta ji ke nan: babu a lambun kowa. Tsohon ya ci gaba da magana, ita kuwa ta ja da baya a hankali ta fice.

Ta same shi a bakin rijiya. Kututture ne baƙi kamar gawayi, da toho ɗaya kore tsawon taƙi, a kansa ɗan kan fure kamar ƙwayar wake. A dutsen an rubuta Bilyana. Ta ɗan tsaya. Sai ta ce a ranta, ai wardi aski yake so, kafin wata guda uku za su fito a madadin ɗaya. Ta zaro almakashi. Ƙas! Ƙarar ta fi yadda ta saba ji, har ta waiga. Sannan ta yi abin da duk mai dashe ke yi domin ƙarfin reshe ya tafi ga saiwa: ta tsinke kan furen da farce ta yar a ciyawa. Ta cusa reshen cikin hannun riga.

A bakin ƙofa Baba Strahil yana miƙa wa kowace mace ƙaramar tukunya da ɗan ganye mai ƙamshi. "Kada wadda ta gode," yake cewa, suna dariya. Da ya zo kan Ginka sai ya riƙe hannunta, wanda reshen ke ciki.

"Ke ce matar Lozan, mai sa muciya ganye? Ina da roƙo, 'yata. In furen nan ya buɗe na gama aikina, ki zo da kaka ki yanki reshe ki dasa mini a gefensa. Hannuna ya daina kamawa. Ba na so ya mutu tare da ni."

Ƙaya na sukar damtsenta. Ta karɓi tukunyar ta ce, "Na gode, Baba."

Mata suka kwashe da ihu. "Ginka! Ke da kanki?"

Tsohon ya yi murmushi. "To, kin kashe shi ke nan."

A hanyar gangarowa Donka ta zungure ta. "Ina kika maƙale? Labarin ban tausayi ya wuce ki. Kin san shukokin nan daga ina suke? Daga makabartar Kamen Dol. Makon da ruwa ke tasowa, shi kaɗai da jakinsa ya bi kabari kabari ya haƙo abin da aka shuka a kan kowa. Na bakin rijiya daga kan 'yarsa ne. Shi ya sa ganyen da ya ba mu na saye ne. Wa zai kai abin makabarta gidansa?"

Ginka ta waiga. Ƙofar tsohon ba ta yi nisa ba tukuna. Ta kalle ta, ta kalli matan da ke gaba suna hira, ta ci gaba da gangarowa.

A gida ta soka reshen cikin dankali, ta binne bayan rumbun itace inda ba a zuwa, ta kifa masa kwalba. Ganyen da aka ba ta kyauta bai yi mako ba ya bushe.

A kanti ta ji sauran labarin, daga bakin Goggo Velika. Washegari da safe tsohon ya je bakin rijiya yana lalube da yatsa kamar kullum, ya taɓa wurin yankan. Ya durƙusa ya bi ciyawa har ya tsinci kan furen. Ya sa shi a kofin ruwa, bai buɗe ba.

"Ko akuya ce ta shiga?" mai kanti ta ce.

"Akuya mai almakashi?" in ji Goggo Velika. Ba ta kalli kowa ba. "Ya hana ni tambaya. Ya ce baƙinsa ne."

Uku ba su fito a madadin ɗaya ba. Zafin Yuli ya ƙarasa kututturen. Masu kiwo da ke wucewa ta saman dutse suka ce kullum suna hango tsohon a kan shuɗiyar kujera, yana fuskantar busasshen itace.

Na bayan rumbu kuwa ya kama. Ginka ba ta taɓa ganin dashe mai sauri haka ba. Ya cika kwalbar da ganye har ta cire ta. Kajinta da ke tone ko'ina suka daina zuwa wurin. Da tsakar rana, in tana shanya, sai ta ji kamar akwai wata 'yar ƙarama tsaye a bayan rumbun tana jira, ba da fushi ba, jira kawai. In ta leƙa, babu kowa sai ganye yana motsi. Ko Donka ce ke yanka zare a ƙetaren shinge, ƙas ɗin sai ya sa ta zabura. Ta jefa almakashinta can ƙasan akwati.

A watan Satumba, lokacin da dashen bana bai kamata ya yi komai ba, sai ga kan fure. Lozan ne ya gani da ya je ɗibar itace. Ya daɗe tsaye, sannan ya kira ta.

"Ginka, wannan ba wardin Baba Strahil ba ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Haƙo shi yanzu in kai ki. Jiya Goggo Velika ta ce har yanzu yana ganin launi in an kawo masa kusa da fuska."

"In ce masa me? Gobe gari duka ya ɗauka. A coci ina zan sa fuskata?"

"Fuskarki tana nan, mata. Idonsa ne ke tafiya."

"Bari ya buɗe tukuna. Wa ke kai fure a rufe?"

Ranar Lahadi ta ce mutane sun yi yawa a hanya. Ranar Talata aka fara gasa tattasai na ajiyar hunturu, ta ce ba za ta bar wuta ba. Kan furen ya tsage, ja ya leƙo, ta ce gobe. Sai da ya buɗe gaba ɗaya, kwana goma sha biyu bayan maganar mijinta, sannan ta haƙo shi ta sa a tukunya, ta lulluɓe da mayafi, ta bi ta bayan gari.

Goggo Velika ta buɗe ƙofa. Ta kalli mayafin, ta kalli Ginka, ta matsa gefe.

Tsohon yana kan kujerar bakin rijiya, bargo a gwiwa. Tun kafin ta iso ya ɗaga kai yana shaƙar iska.

"Bilyana?" ya ce.

"Ni ce, Baba. Ginka." Ta durƙusa ta ajiye tukunyar a cinyarsa. "Ni na yanke shi. Ranar da ka riƙe hannuna yana cikin rigata."

"Na sani. Na ji shi a ƙarƙashin yatsuna." Ya shafa ganyen, ya hau har furen, ya zagaye shi da yatsa a hankali. Ya kawo shi daf da idonsa, ya juya wajen rana, ya sake juyawa. Sannan ya sauke. "Ranar Alhamis hasken ya ƙarasa tafiya. Da safe ina ganin jan ɗankwalin Velika, da yamma babu."

Ranar Alhamis Ginka tana gasa tattasai, furen kuma ya riga ya leƙo.

"Gaya mini launinsa, 'yata. Na ɗauka na riƙe shi a kai, ashe ya zube."

Ta zuba wa furen ido. Ba jan jini ba ne, ba na giya ba, ba na tattasai ba. "Ja ne, Baba," ta ce.

"Ja," in ji shi. Ya ɗan yi dariya ba sauti. "Ashe gaskiyar mata ce. Na sata ya fi kamawa. Dasa shi a gefen uwarsa, aikin da na roƙe ki ke nan."

Ta dasa da hannunta, ba ta ko nemi shebur ba.

Kafin dusar ƙanƙara ta farko aka liƙa takardar rasuwarsa da hotonsa a jikin itacen dandali. Ranar arba'in, bayan an raba sadakar dafaffiyar alkama, Goggo Velika ta zo gidan Ginka da wani abu naɗe cikin bargo.

"Ya ce a ba ki. Ya ce kada ki gode."

Zanen yana rataye a ɗakinta har yau. Ta kwashe tukwanen baranda ta mayar wa masu su ɗaya bayan ɗaya. Duk Lahadi takan hau ta ba wardin bakin rijiya ruwa, yana kuwa fure fiye da da. Amma in ta dawo ta buɗe ƙofa, yarinyar na nan da kitsonta biyu, ta miƙo mata tafuka babu komai a ciki. Ginka ta ce har yanzu ba ta sani ba, ko gafara tsohon ya aiko mata, ko kuwa hukunci.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da ka gani ƙarami a hannun wani, ba ka san me ya rataya a kansa ba. Al'adar da ake faɗa da wasa ba ta mayar da sata halal. Da Ginka ta yi haƙuri, da abin da ta sata da hannunta za a roƙe ta ta dasa. Kuma in ka yi kuskure, kada kunya ta sa ka ce gobe, domin wanda ka zalunta ba lallai ne gobenka ta same shi yadda ka bar shi ba.