Macen Ɓeran Masar a Kwandon Afiniki

Akwai wata mace mai suna Afiniki a wani ƙauye da ke gindin dutse. Tana kiwon ɓerayen Masar a kusurwar ɗakin girkinta, inda ɗumin murhu yake kai musu. Waɗannan 'yan dabbobi ba su da wutsiya, ba su da rigima, ba su kuma san wata sana'a ba sai ci. Da su take sa wa yaranta nama a miya lokaci-lokaci, gama gidan ba shi da awaki.

Wata shekara muzuru ya sami hanya ta rufin ɗakin, ya yi mata ɓarna. Da aka toshe kafar, sai ga shi mace ɗaya tak ta rage a cikin maza, wata fara mai baƙin kunne. In wannan ta mutu, kiwon ya ƙare ke nan.

Kowace safiya Afiniki takan yanko ciyawa, ta watsa musu daga bakin ƙofa, ta leƙa ta ga kowa yana nan, sa'an nan ta saɓa fartanya ta nufi gona. Ba raguwa ba ce, ko kaɗan. Amma tana cikin mutanen nan da in sun ga akushi a cike, sai su ɗauka kowa ya ƙoshi.

Wata rana tana shara, ta ɗaga 'yar farar don ta share inda take kwance. Nan take ta ji kamar tsumma ta ɗauka. Ashe gashi ne ya rufa wa dabbar asiri, ƙarƙashinsa kuwa ƙashi ne zalla. Ta daɗe tana ciwo, mazan suna ture ta daga abinci, ita kuma ta koma gefe ta yi shiru. Afiniki ta ji kunya ƙwarai, ta kuma ji tsoro.

Abin da ya fara zo mata shi ne ta ƙara ciyawa. Ta jibga musu dami guda, ta haɗa da ganyen dankali. Mazan suka yi ta shagali har suka ƙara ƙiba, 'yar farar kuwa ko sansana ganyen ba ta yi ba.

Mijinta Irmiya ya duba dabbar, ya girgiza kai. Ya ce, “Maman Fibi, ba ni ita in yanka tun tana da rai. In ta mutu da kanta, ko romo ba za mu samu ba.”

Ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba, mutum ne da ba ya son asara. Afiniki ta ce, “Ka yi haƙuri, Baban Fibi. Ban riga na yi mata abin da ya kamata ba. Bari in yi tukuna.” Ya ce ya ji, amma ranar da ya iske ta kwance a gefe ɗaya, ba zai sake neman shawarar kowa ba.

Sai Afiniki ta tafi wurin Mama Damaris, tsohuwar da ta fara ba ta irin. Tsohuwar ta shafa cikin dabbar, ta buɗe bakinta ta duba haƙora, ta ce a raba ta da mazan, a sa ta wuri mai ɗumi, a riƙa ba ta abinci a baki. Ta ƙara da cewa, “'Yata, cikin wannan dabba ba ya jure zama babu komai. In ya tsaya, komai ya tsaya. Ki ba ta kaɗan-kaɗan, kada kuma ki gaji.”

Afiniki ta shimfiɗa tsohon zane a kwando, ta sa ta ciki. Ta daka ɗanyar ciyawa da ganyen dankali a turmi, ta zuba 'yar dusa da ruwan ɗumi, ta matsa lemu kaɗan, ta dama har ya yi laushi kamar kunun jariri. Takan naɗe dabbar a tsumma, ta ɗora ta a cinya, ta ɗiga mata ta gefen baki da ƙaramin cokali, ta jira sai ta haɗiye don kada ta ƙware. Rabi yakan shiga, rabi ya ƙare a zanen Afiniki. Da yake ba a barin cikin ya daɗe ba abinci, har gona take tafiya da kwandon, ta ajiye shi a inuwar ɗorawa. Matan ƙauye suka sami abin dariya, suna tambaya yaushe za a yi sunan sabon goyon. Ta bar su da bakinsu.

Dabbar ba ta mutu ba, amma ba ta tashi ba. Abin da cokali ya sa mata shi ne kawai abincinta. In an ajiye mata ganye mai kyau a gabanta, sai ta juya masa baya ta cusa kai cikin zane. Ga ciyawa tana cin gonar masara, ga Irmiya yana wucewa yana kallon kwandon. Afiniki ta gaji, ranta ya ɓaci, har wata rana ta yi wa dabbar faɗa kamar mai jin magana. Duk da haka ta sake ɗaukar cokalin.

Wata safiya ta shigo da ciyawa. Mazan suka ji motsin ganye, suka ɗauki 'yar ƙarar nan tasu ta murna. Afiniki ta waiwaya, sai ta ga 'yar farar ta fito da kai daga zane, kunnuwanta suna motsi, tana neman inda ƙarar take. Wannan ne karo na farko da ta kula da wani abu tun da aka sa ta a kwando. Afiniki ta tsaya da ciyawa a hannu, tana tunani. Ta raba ta da masu ture ta, gaskiya ne, amma ta raba ta da kowa.

A cikin mazan akwai wani tsoho mai sanyin hali, wanda ba ya kokawar abinci. Ta ɗauko shi ta sa a kwandon, ta ajiye ganye tsakaninsu. Tsohon bai yi wata dabara ba. Ya zauna kusa da ita ya kama cin abinsa a hankali. 'Yar farar ta yi ta kallon bakinsa. Can sai ta matso, ta kama ɗaya bakin ganyen da yake ci, ta ja.

Afiniki ta kira mijinta da hannu, don kada muryarta ta firgita su. Irmiya ya duƙa ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, “To, wannan ta fi ƙarfin wuƙata.” Afiniki ba ta ajiye cokalin a ranar ba, ta ci gaba da taimaka mata har nama ya rufe ƙashin.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Ɗakin girkin nan ikkilisiyarmu ce, ciyawar kuwa Maganar Allah ce da ake watsa mana kowace Lahadi. Abinci bai taɓa kasawa a gidan Ubangiji ba. Amma akwai waɗanda suke zaune a tsakiyarmu suna ramewa, kayan Lahadi da “lafiya lau” sun rufa musu asiri. Muna leƙowa daga bakin ƙofa, mu ga kowa yana nan, mu wuce. In ma mun lura, sai mu ce a ƙara wa'azi. Wanda baƙin ciki ko kunya ta rufe masa baki ba ya cin dami, sai dai cokali, daga hannun wanda ya ƙudura ba zai gaji ba.

Ku kuma lura da tsohon nan na cikin kwando. Bai yi mata gargaɗi ba, bai tambaye ta me ya sa ta rame ba. Zama ya yi kusa da ita yana ci. Sau da yawa mutum yakan daina addu'a, ba don ya manta yadda ake yi ba, sai don ya daɗe bai ji wani yana yi kusa da shi ba.

Na san tun ina wannan magana akwai wanda ya faɗo maka a rai. Kada ka aika masa da gaisuwa ta bakin wani. Ka je gidansa da ƙafarka, ka zauna, ka yi addu'arka a inda zai ji. In bai ce amin ba, ka koma gobe.