Direba Mai Ganin Titi Biyu

Da doka ta ce a riƙa biyan ma'aikaci kwanakin jinyarsa, sai Alhaji Gambo mai siminti ya kafa sharaɗi: mara lafiya ya kawo kansa a gani. Wanda ya iya zuwa kuwa, lafiyarsa ƙalau.

Zazzaɓi ya kama direbansa Tanimu, ya lallaɓo yana rawar sanyi.

Alhaji ya ce, "Tunda ka iso, ka warke. Ɗauko mota, Zariya za mu."

Tanimu ya buɗe masa ƙofa. "Bismillah, ranka ya daɗe. Titin biyu-biyu nake gani, amma zan zaɓi ɗaya."

Alhaji ya ja da baya. "Kai, ba ka da lafiya!"

"To, a rubuta mini hutuna, Alhaji. Da bakinka ka shaida."